Muhawara: Wai dole ne yaran nazire su yi tsit a layi?

Malamar Nazire 2: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. A wata makarantar kuɗi nake koyarwa a nan Kano, yara 31 gare ni, yawancinsu 'yan shekara huɗu. Ginin namu asalinsa gidan zama ne, bene hawa ɗaya, ajina kuma yana sama can ƙarshen baranda. Duk fitar da za mu yi, ko taron safe ko tara ko tashi, sai mun gifta ƙofofin azuzuwa uku kafin mu kama matattakala. To mai makarantarmu ta ga wani bidiyo a waya, yaran Amurka suna tafiya a layi, hannu a baya, kumatu a kumbure kamar sun guntsi ruwa, ko tari ba ka ji. Ta ce ita ma haka take so. Sati uku ke nan ina fama. In na tsaya gaba, na baya su kama dambe. In na koma baya, na gaba su zuba da gudu. Jiya malamin aji huɗu ya leƙo ya ce wai mun fi kasuwar Rimi hayaniya. Muryata har ta dashe. Yaya kuke yi ne?

Uwar 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Ni biyu kawai Allah ya ba ni, amma daga ɗaki zuwa bakin ƙofa ba su taɓa tafiya a jere ba. Ke kuma 31!

Tsohon Hedimasta: 'Yata, ni na kama alli a 1976, shekarar da aka buɗe UPE, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka kwaso yara daga ƙauyuka har da masu ƙasumba aka zuba mana a aji ɗaya. Ba mu taɓa zaman taro a kan yadda za a yi layi ba. Ƙararrawa ta kaɗa, monita ya tsaya da tsumagiya, gajeru gaba dogaye baya, kowa ya miƙa hannu ya dafa kafaɗar na gabansa, shi ke nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yanzu an hana ku taɓa yaro, an kuma ce ku kawo tarbiyya. To da me?

Malamar Nazire 2: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Mu ko harara ka yi wa yaro, gobe uwarsa tana ofis. Kuma gaskiya ko an ba ni dama, ba zan iya ɗaga bulala a kan ɗan shekara huɗu a bakin matattakala ba. In ya firgita ya goce fa?

Malamin L.E.A.: Ni dariya ma abin ya ba ni, ba don raini ba. Yara 31 a aji? Malama ki gode wa Allah. Nawa sun haura 90, rabinsu a ƙasa suke zaune. A takardar manufofin ilimi ta ƙasa an rubuta malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 25 a nazire, amma a takarda abin ya tsaya. Mu ba mu da wani lungu rufaffe da ake ratsawa. Ka fito daga aji sai baranda, ka sauka daga baranda sai fili da rana. Shi Bature ya gina makarantarsa a rufe saboda sanyi, ƙofofin azuzuwa suna kallon juna, motsi kaɗan sai ya amsa kuwwa. Dole ya damu da shiru. Mu da iska take kwashe mana hayaniya, me ya kai mu aron ciwon da ba namu ba?

Malamar Nazire 2: Malam, ai ni ciwon nawa ne. Barandarmu ba ta fi taku biyu faɗi ba, an kuma toshe ta da gilashi. Duk abin da muka yi, azuzuwa uku suna ji.

Malamin L.E.A.: To na janye rabi.

Malama Mai Shekara 14 a Nazire: Ƙanwata, bari in ɗan tsawaita, ki yi haƙuri da ni, don wannan abin ya taɓa sa ni kuka a banɗakin malamai.

Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne, a lokacin da nake bukatar layin nake koyar da layin. An kaɗa ƙararrawar tara, yaro cikinsa na kiran ciroma, yana jiyo ƙamshin awara daga ƙasa, ni kuma a lokacin nake cewa a nutsu. Wa zai ji ni? Ba a fafe gora ranar tafiya. Layi darasi ne kamar ABCD, sai an ware masa lokacinsa. Ni a satin farko na kowane zango, kullum sau biyu nake fita da su ba don za mu ko'ina ba. Mu tashi, mu jeru, mu je ƙarshen baranda, mu dawo mu zauna. Minti biyar. Ba duka ajin nake ɗauka tashi ɗaya ba, shida shida nake farawa, sauran suna kallo daga ƙofa suna gaya min wanda ya iya.

Sai maganar gurbi. Kashi mafi yawa na rigimar layi a kan "ni ne farko" take. Ki ba kowa gurbinsa na dindindin, ya san bayan wa yake, gaban wa yake. In kin lura da biyun da ba sa haɗuwa sai an yi kuka, ki sa mutum huɗu tsakaninsu. Na gaba kuwa ki riƙa juya shi kullum, haka na ƙarshe. Ni na ƙarshen ma na fi girmama shi, shi ne mai rufe ƙofa, har rububin zama na ƙarshe suke yi yanzu.

Kuma kada ki ce musu "ku sauka ƙasa." Ƙasa ta yi wa ɗan shekara huɗu nisa. Ki ce "mu je tagar aji uku mu tsaya." In an tsaya an haɗu, "mu je bakin matattakala mu tsaya." Da haka na gaba ba zai tsere miki ba, don ya san inda zai ja birki. Ke kuma ba gaba za ki tsaya ba, ba baya ba. Ki tsaya a gefe wajen tsakiya inda idonki zai kai duka kan biyun. A matattakala ne kawai za ki riga su sauka, ki juyo kina fuskantarsu, kowa hannunsa a jikin ƙarfe ko bango.

Uwar 'Yan Biyu: Anti, wannan na mai rufe ƙofa yau zan gwada shi a gida.

Ɗan Bautar Ƙasa: Ni abin da ya tsaya min shi ne hannu a baya ɗin nan. Yaro yana sauka daga bene hannunsa a baya? In ya yi tuntuɓe da me zai kare fuskarsa? Wannan ai ba ladabi ba ne, ganganci ne.

Malama Mai Shekara 14 a Nazire: Gaskiyarka ƙanena. A shimfiɗaɗɗen wuri ba laifi, yana hana tsokana. A matattakala kuwa haramun ne a ajina.

Baban Yara Huɗu: Ku gafarce ni malamai, ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne, amma ina da tambaya. Shirun nan don wa ake yinsa? Yarinyata ƙarama tana tashi ƙarfe shida, a aji an ce ta yi shiru, a taron safe ta yi shiru, in an taso boko ta wuce Islamiyya can ma shiru. Taku ashirin ɗin da za ta yi daga aji zuwa fili, nan ma a ce ta kumbura baki? Yaushe za ta yi magana da ƙawarta? Ni a ganina mai makarantar nan ba don yaran take so ba, don iyayen da za su zo duba makaranta ne, su ga yara kamar sojoji su ce lallai nan akwai tarbiyya, a ƙara kuɗin zango.

Mai Makaranta a Kaduna: Alhaji, ka taɓo mu, bari in kare 'yar uwata ko da ban san ta ba. Eh, iyaye suna kallon layi, kuma da shi suke yanke mana hukunci tun kafin su buɗe littafin yaro. Ku ne fa iyayen. Amma ba shi kaɗai ba ne. Ka tsaya a ajin da ake jarrabawar gwaji, sannan 'yan nazire 30 su wuce ta taga suna ihu, ka ga yadda kawuna suke juyawa gaba ɗaya. Malamin sai ya yi minti biyar kafin ya dawo da hankalinsu. A rana sau nawa? Yaron da ya koyi sassauta murya don wasu suna karatu, ya koyi cewa ba shi kaɗai ne a duniya ba. Ka dubi yadda manyanmu suke yi a gidan mai ko wurin rabon kaya, kowa yana hawa kan kowa. Daga ina kake zaton abin ya faro?

Baban Yara Huɗu: Hajiya, turereniyar gidan mai ba rashin iya layi ba ne, rashin mai ne. Mutanen nan da kike gani duk sun yi layi a firamare a zamanin su Baba Hedimasta, da tsumagiya ma kuwa. In mutum ya tabbata abin zai kai kansa, zai tsaya. Ki je banki ranar da na'ura take ba da kuɗi ki gani.

Tsohon Hedimasta: Alhaji ka sako ni a ciki ke nan. To ban musa ba. Waɗanda muka daka ɗin su ne suke tsallake layi yau, wasunsu ma da jiniya.

Ɗan Bautar Ƙasa: Baba ya kashe mu da dariya wallahi.

Malamin Islamiyya: Salamu alaikum. Na ga ana ta kai mu Amurka, alhali abin yana cikin gidanmu. A Suratu Luƙman, aya ta 19, cikin wasiyyar da ya yi wa ɗansa akwai cewa ya tsakaita a tafiyarsa, ya kuma sassauta muryarsa. Ku lura da kyau, tsakaitawa aka ce da sassautawa. Ba a ce ya daina magana ba, ba a ce ya yi tafiyar gawa ba. Kuma ya tabbata a hadisi cewa in an tayar da salla kada a taho mata da gudu, a taho da nutsuwa. Mu a Islamiyyarmu lokacin la'asar yara sun fi 200 suke fita alwala, famfo huɗu. Ba ma cewa layi, sahu muke cewa, don kalmar tana da nauyi a kunnensu, sun saba jin liman yana cewa a daidaita sahu. Abin da muke hanawa uku ne: gudu, turi, ɗaga murya. Raɗa kuwa ba ruwanmu da ita.

Malamar Nazire 2: Allah ya saka da alheri Malam. Amma ni in na ce an yarda a yi raɗa, ɗan shekara huɗu bai san iyakar raɗa ba. Minti ɗaya ta zama ihu.

Malamin Islamiyya: Sai ki koya masa ita, Malama. Ki sa shi ya ɗora yatsu a maƙogwaronsa ya yi magana, zai ji yana rawa. Ya yi raɗa, zai ji ya daina. Ki ce masa a baranda maƙogwaro barci yake yi. Mu da haka muke nuna musu bambancin karatun bayyane da na asirce.

Madam daga Maraɗi: Ina gaishe ku 'yan uwa na Najeriya. Ni ajin CI nake riƙe da shi, wato shekarar farko ta lakwal, firamare ke nan. Mu nan al'adar da muka gada ita ce ba a shiga aji sai an jeru a bakin ƙofa, bibbiyu, mushe, wato malami namiji, ko madam ta duba sannan a shiga. Da ni ma ina ganin abin kamar ɓata lokaci ne. Amma ku tuna abin da ya same mu a 2021. A watan Afrilu wuta ta kama azuzuwan zana a Yamai, yara kusan 20 suka rasu. A watan Nuwamba kuma nan Maraɗi, fiye da 20, ƙanana 'yan shekara biyar da shida. Ba zan ce layi ne zai cece su ba, Allah ya sani, zana in ta kama ba ta jiran kowa, laifin na ajin zana ne. Sai dai tun daga ranar na canza abin da nake koyarwa. Ba shigar ta dame ni ba yanzu, fitar ce. Ina tafa hannu sau uku, kowa ya bar allonsa da takalminsa inda suke, ya bi na gabansa, mu haɗu gindin bedi, wato darbejiya, in ƙirga su. Muna yi sau ɗaya a sati, ba na gaya musu ranar. Shirun da nake nema a wannan lokacin don su ji muryata ne kawai, ba don kowa ya yaba ba. 'Yar uwa, ke da kike sama da matattakala ɗaya, wannan ya fi kumbura kumatu muhimmanci.

Uwar 'Yan Biyu: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Jikina ya yi sanyi.

Tsohon Hedimasta: Amin. Madam, shekara 35 na yi a aikin nan, ban taɓa gwada fitar gaggawa da yara ko sau ɗaya ba. Ba a koya mana ba, mu ma ba mu tambaya ba. Allah ne kawai ya tsare.

Mai Makaranta a Kaduna: Ni ma bene ne da ni. Gobe in sha Allah zan zauna da malamaina.

Ɗalibar NCE: Don Allah ku ba ni dama in sa baki, ko da yake ni ɗaliba ce. An koya mana labarin Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya da ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907. A tsarinta akwai wasan tafiya a kan layi: a zana layi a ƙasa mai siffar ƙwai, yaro ya bi shi a hankali, dunduniya tana taɓa yatsun ɗaya ƙafar. In ya ƙware sai a ba shi kofi da ruwa kada ya zubar, ko ƙaramar ƙararrawa kada ta yi ƙara. Da na je koyon aiki na gwada da gwangwanin madara na zuba tsakuwa uku a ciki. Wanda yake gaba shi ke riƙewa, in gwangwani ya yi ƙara an faɗi. Abin mamaki sai sauran suka yi tsit da kansu, don kowa yana kasa kunne ya ji ko zai yi ƙara.

Malama Mai Shekara 14 a Nazire: Kin ga wannan, 'yata, ya fi duk abin da na faɗa. Ba ki ce su yi shiru ba, kin ba su abin saurare. Ni tafiyar mage nake ce musu, mu yi sanɗa kada ɓera ya ji mu. Amma ki sani kowace dabara tana tsufa. Sati biyu mage ta gundure su, sai in koma hawainiya, daga nan ayarin raƙuma. Ranar da na ce jirgin ƙasa kuwa na yi nadama, don jirgi ai sai da kuka.

Malamin L.E.A.: Duk na ji, kuma da kyau. Amma a gaya min yadda zan yi sanɗar mage da yara 90, ni kaɗai, ga wata uku muna bin bashin ƙarin girma.

Shugaban Zaure: Malam, maganar albashi tana da ranarta, Juma'a. A dawo kan layi don Allah.

Malamin L.E.A.: Ai a kan layin nake, Shugaba, layin albashi.

Malama Mai Shekara 14 a Nazire: Malam, da 90 ba a layi ɗaya. Benci benci za ka riƙa sallama, ko tabarma tabarma tunda ka ce a ƙasa suke. Ka roƙi hedimasta ya ba ka manyan yara biyu daga aji shida su riƙa tsaya maka a ƙofa lokacin tashi. Amma kada ka ba su bulala. Yaro in ka ba shi bulala a kan ƙannensa, ranar zai rama duk abin da aka yi masa.

Baban Yara Huɗu: Ni dai har yanzu ba a amsa min ba. Na yarda da Madam ɗari bisa ɗari, na yarda kada a dami masu karatu. Amma wanda ya yi magana a layi, me ake yi masa? Don 'yata an taɓa hana ta fita tara gaba ɗaya saboda ta ce wa ƙawarta igiyar takalminta ta kwance. Ta dawo gida da abincinta ko buɗewa ba ta yi ba.

Mai Makaranta a Kaduna: Wannan kam zalunci ne, Alhaji, ba zan kare shi ba.

Malama Mai Shekara 14 a Nazire: Ni ba na hukunta ajin duka saboda mutum ɗaya, ba na kuma taɓa tara. Yaron da ya kasa nutsuwa a layi shi ya fi kowa bukatar ya je ya yi gudu a fili. Abin da nake yi, in kamo hannunsa ya taho kusa da ni, ba tare da na ce uffan ba. Wasu ma da gangan suke yi don a riƙe musu hannun, na sani, ina kuma riƙewa. In layin duka ya watse, mu koma bakin ƙofa mu sake, sau ɗaya tak. Sau biyu ya zama gaba tsakanina da su.

Wani abin kuma da ba mu faɗa ba: mu malamai mu ne muke ɓata layi. Ka jera yara, sannan ka tsaya neman makulli, ko ka tsaya gaisawa da malamar aji biyu ana labarin biki. Ɗan shekara huɗu ba zai yi minti uku a tsaye kamar turke ba. Kada ki tashe su sai jakarki tana kafaɗa.

Malamar Nazire 2: Anti, kamar kina leƙena. Kullum sai sun jeru nake tuna ban ɗauki rajista ba.

Tsohon Hedimasta: Ni dai ina nan a kan bakata cewa gajeru gaba dogaye baya. Wannan ko Montessori ba za ta musa ba.

Malamar Nazire 2: Salamu alaikum, na dawo da rahoto bayan kwana tara. Gurbi na dindindin ya yi aiki, faɗan "ni ne farko" ya mutu. Tsayawa a tagar aji uku ma haka. Gwangwani ya yi kwana huɗu yana mulki, ranar ta biyar wani ya gano cewa in ya girgiza shi kowa zai yi dariya, yanzu yana cikin durowa. Na nuna wa mai makarantarmu saƙon Madam ta Maraɗi, ta yi shiru ta daɗe, ta ce a cire maganar hannu a baya a matattakala, kuma ranar Alhamis za mu gwada fitar gaggawa makarantar duka. Kumbura kumatu dai ta ce yana nan, aƙalla ranar da iyaye za su zo. Malamin aji huɗu ya ce mun sauko daga kasuwar Rimi zuwa kasuwar unguwa.

Saura matsala ɗaya. Akwai wata 'yar ƙarama, ita ba ta magana, ba ta turi, amma a kowace matakala sai ta tsaya ta ƙirga da ƙarfi, kuma in ta ɓata a bakwai sai ta koma sama ta faro daga ɗaya.

Madam daga Maraɗi: Matakalar nawa ce duka?

Malamar Nazire 2: 16.

Madam daga Maraɗi: To ki mai da ita mai rufe ƙofa, ta ƙirga abinta a baya. Ranar Alhamis kuwa ki riƙe hannunta tun daga sama.